Muhawara a kan aikatau ɗin Turanci "vilipend": raini ne a zuci ko kushe ne da baki?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa na wannan zaure. Ina neman ƙarin haske a kan wani aikatau na Ingilishi wanda ba kasafai ake cin karo da shi ba, wato vilipend. Ƙamusoshin da ke hannuna sun ba shi ma'ana biyu: ta farko ita ce mutum ya ɗauki wani ko wani abu a matsayin marar daraja, ta biyu kuwa ita ce ya furta kalaman da za su ƙasƙantar da shi a idon jama'a. A wurin mai fassara waɗannan ba abu ɗaya ba ne, domin mutum yana iya raina wani shekara da shekaru bai taɓa buɗe baki ya kushe shi ba, yana kuma iya kushe wanda a zuciyarsa yake shakkarsa. Wace ce ma'anar asali, kuma daga ina kalmar ta fito?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam, Malam. Kalmar ba haifaffiyar Ingila ba ce. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15 ta hannun Faransanci, inda ake cewa vilipender, shi kuma Faransanci ya ɗauko ta daga Latin, harshen Rumawa. Kalmomi biyu aka haɗa a can: vilis, wadda ke nufin abu mai arha, da pendere, wadda ke nufin aunawa a kan ma'auni. Ke nan vilipendere ita ce ka ɗora abu a sikeli, ka duba, ka yanke cewa bai taka kara ya karya ba. Gaɓoɓinta uku ne a Ingilishi, kuma a kan ta farko ake danna murya.

Rumawa suna da jerin maganganu masu wannan ƙira. Idan sun girmama mutum sai su ce magni pendere, wato sun auna shi da tsada. Idan sun ƙaranta shi sai su ce parvi pendere, idan kuwa ba su ɗauke shi a bakin komai ba sai su ce nihili pendere. Ana samun irin waɗannan a wasannin barkwancin Plautus da Terence, waɗanda suka rasu a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikinsu duka babu maganar furuci, hukunci ne da mutum yake yankewa a ransa a kan ƙimar wani. Saboda haka amsata gare ka ita ce raini ya riga kushe zuwa.

Ɗan Damagaram:
Malam, na gamsu da tarihin, amma ban gamsu da hukuncin ba. Ku a Najeriya kalmar baƙuwa ce, mu kuwa da muka yi makaranta da Faransanci a Nijar muna ganinta a jarida muna jinta a rediyo, ba ma ɗaukarta a matsayin wata tsohuwar kalma da aka tono. Idan ɗan jarida ya rubuta cewa an vilipender wani minista, babu wanda zai fahimci cewa an raina shi a zuci an yi shiru. Abin da kowa zai gane shi ne an fito bainar jama'a an yi masa tatas, an kira shi da sunaye marasa daɗi. Ma'anar kalma tana bakin masu amfani da ita, ba ta cikin kabarin kakanninta. Tun da Ingilishi daga Faransanci ya karɓa, ni a ganina kushe da baki ne ya fi cancanta.

Ɗalibar Jami'a:
Malamaina, a gafarce ni da katse hanzari. Shin wannan kalma 'yar uwar villain ce, wato mugun da ke cikin labari? Kamannin sun yi yawa, ga shi kuma dukansu suna da alaƙa da muni.

Malamin Turanci:
A'a, 'yata, kama ce kawai. Villain da lam biyu ake rubuta ta, kuma ta fito ne daga villa, gidan gona na Rumawa, ta hanyar villanus, wanda ke nufin talakan da ke noma a gonar ubangida. Masu sarauta ne suka riƙa jingina wa baƙauye kowane irin mugun hali har sunansa ya koma sunan mugu. Dangin vilipend na jini su ne vile da vilify da revile, dukansu daga vilis.

Na kuma koma ga ɗan uwana na Damagaram. Faransancin da Ingilishi ya ara daga gare shi na ƙarni na 15 ne, ba na jaridun yau ba. Duba yadda vilify ta yi: lokacin da ta shiga Ingilishi a wannan ƙarnin tana nufin rage wa abu daraja, sai a ƙarshen ƙarni na 16 ta fara ɗaukar ma'anar aibata mutum da baki, yau kuma wannan ma'ana ta biyu ce kaɗai ta rage mata. Hanyar da vilipend ta bi ke nan, sai dai ita a Ingilishi ba ta yi yawo a bakin jama'a sosai ba, shi ya sa tsohuwar ma'anar ba ta goge ba, ta zauna tare da sabuwar. A Faransanci, inda ake ta mu'amala da ita, sabuwar ta rinjayi tsohuwar.

Tsohon Akanta:
Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne maganar awo. An ce pendere aunawa ce, amma na taɓa karanta cewa kalmar pension, wadda muka mayar fansho, daga nan ta fito. Me ya haɗa sikeli da kuɗin da ake biyan wanda ya ajiye aiki?

Mai Nazarin Tarihi:
Baba, tagulla ce ta haɗa su. Kafin Rumawa su fara buga tsabar kuɗi, da guntayen tagulla marasa siffa suke ciniki, waɗanda suke kira aes rude. Tun da guntayen ba girmansu ɗaya ba, ba a ƙirga su, auna su ake yi. Mai saye zai zuba tagulla a ma'auni har ta kai nauyin da aka daidaita, wannan zubawar ita ce biya. Da haka aikatau ɗaya ya ɗauki aiki uku: aunawa, da biya, da ƙiyasta darajar abu a tunani. Ma'aunin nauyinsu shi ne libra, wadda ta ɗan haura giram 320, aka kuma kasa ta gida 12. Sai wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa suka fito da denarius na azurfa, wanda sunansa ya bi duniya har ya zama dinari.

Abin sha'awa shi ne ko bayan tsabar kuɗi ta wadata, shari'arsu ba ta saki sikeli ba. Idan za a sayar da kadara mai muhimmanci, kamar gona a ƙasar Italiya ko bawa ko sa ko doki, akwai wata ƙa'ida mai suna mancipatio. Ana tara shaidu biyar, baligai 'yan ƙasa, da mutum na shida mai riƙe da ma'auni wanda ake kira libripens, sai mai saye ya furta cewa abin nan nasa ne, ya bugi ma'aunin da guntun tagulla ya miƙa wa mai sayarwa. Masanin shari'a Gaius ya bayyana wannan a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, lokacin da awon ya riga ya zama al'ada kawai. Ku lura da ƙarshen sunan mai riƙe da ma'aunin, tushe ɗaya ne da ƙarshen kalmar da muke tattaunawa. Daga nan aka sami pensio, wato biya, wadda ta haifi fanshonku. Daga nan aka sami stipendium, albashin soja, da expendere, kashe kuɗi, wadda ta ba Ingilishi expend da spend.

Akwai wani aikatau na Latin da ake rubutawa daidai da wannan, pendere, amma ana jan wasalinsa na tsakiya, shi kuma yana nufin abu ya kasance a rataye. Shi ne ya ba da depend da pendulum. 'Yan uwan juna ne, domin ma'aunin da rataye shi ake yi, sai dai nahawun Latin ya raba su.

Tsohon Akanta:
Allah ya saka da alheri, ɗana. Ka tuna mini da littattafan lissafin da muka fara aiki da su kafin naira ta shigo a 1973. Layuka uku ne a kowane shafi, na fam da na sule da na kwabo, a kansu an rubuta £ da s da d. Mun san alamar fam harafin L ce ta libra, d kuma ta denarius ce. Ita kanta pound, wadda muka mayar fam, daga pondo ta Latin take, ma'ana bisa nauyi. Ashe duk gida ɗaya suka fito da wannan kalma ta raini.

Ɗan Damagaram:
Haka ne, Baba, har ma a Faransanci peser, aunawa, da penser, tunani, daga pensare ɗaya suka rabu. Amma wannan duk bai sauya abin da na faɗa ba game da yadda ake amfani da kalmar yau.

Alaramma:
Bismillahi. Ba fagena ba ne Latin, amma tunanin da ke ƙarƙashin kalmar sananne ne ga duk wanda ya yi karatun Larabci. Larabawa suna kiran raini istikhfafi, daga tushen da ya ba da khafif, marar nauyi. A Suratuz Zukhruf, aya ta 54, da wannan aikatau aka bayyana abin da Fir'auna ya yi wa mutanensa, ya mayar da hankalinsu marar nauyi suka bi shi. A Suratul Kahfi kuma, aya ta 105, an ce waɗanda ayyukansu suka ɓaci ba za a tsayar musu da wani awo ba ranar ƙiyama. Mu ma idan muka ce muna jin nauyin mutum, girmansa muke nufi. Ba ina cewa wani harshe ya ara daga wani ba ne. Al'ummomi ne da suka yi ciniki da mizani, kowace ta ga cewa abin da ya rinjayi ma'auni shi ne mai daraja. A nan ina bayan Malamin Turanci, domin istikhfafi ma a zuciya yake farawa, harshe daga baya yake fallasa shi.

Barista:
Allah ya gafarta Malam, da izininka zan kawo wani ɓangare da ba a taɓo ba, wanda nake ganin ya nuna cewa rabon da muka yi gida biyu bai isa ba. Inda wannan kalma ta fi rai a yau shi ne kotu, a ƙasashen da harsunansu suka fito daga Latin. Kundin hukunta laifuka na Italiya, wanda aka yi a 1930 zamanin Mussolini kuma har yanzu ake aiki da shi bayan gyare-gyare, yana da jerin laifuka masu suna vilipendio. Sashe na 290 ya shafi wanda ya yi wa jamhuriya ko majalisa ko gwamnati ko ɓangaren shari'a ko rundunar soja wannan abu a bainar jama'a. Sashe na 291 ya shafi al'ummar Italiya, na 292 kuma tutar ƙasa. A da ɗauri ake yi, amma dokar da aka yi a 2006 ta mayar da yawancinsu tara, wadda a sashe na 290 take tsakanin yuro 1,000 zuwa 5,000. An taɓa samun Umberto Bossi, tsohon jagoran jam'iyyar Lega Nord ta Italiya, da laifi a kan kalaman da ya yi game da tutar a 1997.

Har zuwa nan ɗan uwanmu na Damagaram ne ke da gaskiya, domin doka ba ta hukunta abin da ke cikin zuciya. To amma ku duba sashe na 410, wanda ya yi magana a kan vilipendio ga gawa ko tokarta, da ɗaurin shekara 1 zuwa 3. Kundin Brazil na 1940 ma yana da irinsa a sashe na 212. Abin da ake hukuntawa a nan galibi aiki ne na hannu, kamar wulaƙanta gawar ko yi mata abin da bai dace da ɗan Adam ba. Gawa ba ta ji, tuta ba ta da sunan da za a ɓata mata, shi ya sa dokar Italiya ta ware ɓata suna a wani sashe dabam, na 595. Wanda ya ɓata maka suna ya jingina maka wani abu da zai zubar da kai a wurin mutane. Wanda ya aikata vilipendio kuwa ba lallai ya jingina komai ba, ya dai mu'amalanci abin da jama'a ke girmamawa kamar ba shi da wata ƙima. Wannan ya fi kusa da ma'anar awo ta asali fiye da zagi.

Malamin Turanci:
Barista ya taimake ni fiye da yadda ya yi niyya. Abin da bai sauya ba tun daga Rum har zuwa kotun Italiya shi ne sanya wa abu farashin da bai kai nasa ba. Yana kama da tayin wulaƙanci a kasuwa: mai tayin bai zagi mai kaya ba, bai yi masa ƙarya ba, amma kuɗin da ya ambata ya isa ya nuna inda ya ajiye shi da kayansa. Ko a zuci aka yi, ko da baki, ko da hannu, ƙiyasin ne jigon kalmar.

Ga shaida daga Ingilishi kansa. Walter Scott, marubucin Sukotlan, yana cikin waɗanda suka riƙa amfani da ita a farkon ƙarni na 19. A littafinsa Waverley na 1814 ta fito a inda wani dattijo mai son cusa Latin a zancensa yake yabon wani saurayi da cewa ba ya cikin samarin da ke yi wa hira da shawarar manya wannan abu. Ba a zagin shawara, watsi ake yi da ita don an raina ta. Haka kuma wanda Scott ya jingina wa kalmar ya nuna cewa tun a lokacin ana jinta a matsayin kalmar masu ƙwalisar ilimi.

Editan Jarida:
Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi damuna, domin na san halin wasu marubutanmu na Turanci. Gobe za ka ga wani ya rubuta cewa an vilipend ɗin gwamna, don kawai a ce ya sha ƙamus. Ina roƙonku kada ku yi. Kalmar ta ja baya ne saboda Ingilishi yana da waɗanda suka fi ta kaifi a kowace fuska. Yana da despise don raini na zuci, da vilify don aibatawa, da disparage don kushe, wadda asalinta a tsohon Faransanci aurar da mutum ga wanda bai kai matsayinsa ba ne. Sannan ga belittle, wadda ta fi su duka sauƙi.

Tarihin belittle ma darasi ne ga masu ƙyamar kalma mai sauƙi. Thomas Jefferson, ɗan siyasar Amurka, shi ne aka fara ganinta a rubutunsa, a littafin da ya yi kan jihar Virginia a shekarun 1780, inda yake mayar da martani ga masanin halittu na Faransa, Buffon, wanda ya yi da'awar cewa dabbobin nahiyar Amurka sun fi na Turai ƙanƙanta da rauni. Wata mujalla a Landan ta yi masa ba'a a 1787 saboda wannan kalma, tana ganin ɓata harshe ne. Yau ɗan sakandare ya san belittle, vilipend kuwa mai asali da nasaba sai an buɗe babban ƙamus.

Ɗalibar Jami'a:
Malam, a jerin da ka kawo da farko na ga nihili. Ita ce wadda ke cikin doguwar kalmar nan da ake ba mu a gasar haruffa, floccinaucinihilipilification?

Malamin Turanci:
Ita ce, 'yata. Littafin nahawun Latin da ake koyarwa da shi a makarantar Eton ta Ingila yana da jerin kalmomin da ake haɗawa da aikatau na ƙiyasi don nuna rashin daraja: flocci, ɗan tufkar ulu, nauci, abin banza, nihili, babu, pili, silin gashi. Sai aka liƙa su wuri ɗaya don raha, aka sami kalma mai haruffa 29 da ke nufin ɗaukar abu a matsayin banza. An ganta a wata wasiƙar mawaƙi William Shenstone ta 1741, kuma Jacob Rees-Mogg ya furta ta a majalisar dokokin Birtaniya a 2012. Akwai ma floccipend, wadda ƙirarta ɗaya da tamu, sai dai ta fi ta ɓuya.

Alaramma:
Su da ulu da gashi suka yi misali, Alƙur'ani kuma da ƙwallon dabino: fatil, zaren da ke cikin tsagarsa, da naƙir, ɗan ɗigon da ke bayansa, da ƙiɗmir, siririyar fatar da ta lulluɓe shi.

Mai Fassara:
Na gode, malamai. Abin da zan yi aiki da shi shi ne duban abin da aikatau ɗin ya faɗa wa da kuma zamanin rubutun. Idan shawara ce ko al'ada ko kyauta, musamman a tsohon rubutun Ingilishi, zan ce ya raina ko ya yi watsi da ita. Idan mutum ne kuma akwai masu sauraro, zan ce ya kushe shi ko ya muzanta shi. Barista, a fassarar shari'a fa, cin mutunci zai wadatar?

Barista:
Ga mutum mai rai zai wadatar, Malam. Ga tuta ko gawa ko wurin ibada na fi son tozartawa ko wulaƙantawa, domin suna ɗaukar magana suna ɗaukar aiki, kuma ba sa buƙatar wanda aka yi wa ya ji. Ka guji ɓata suna a waɗannan sassa, saboda lauyan da ya karanta fassararka zai nemi ƙagen da aka yi, alhali sashen bai shar'anta ƙage ba.

Ɗan Damagaram:
Na yarda da wannan rabon a Ingilishi da kuma a kotu. Amma idan labarin daga jaridar Faransanci ka ɗauko shi, Malam, kada ka rubuta raini ko da abin da aka ambata shawara ce ko doka. Idan aka ce 'yan adawa sun vilipender wani ƙudiri, ba watsi suka yi da shi ba, taron manema labarai suka kira suka caccake shi.